Nasaba ko Mahaifa: Tarihin Zama Ɗan Ƙasa a Iyakar Babura

A ƙarni na 19 Babura ribaɗi ce ta masarautar Kano, tana tsare arewacin ƙasar daga hare-haren Damagaram. A lokacin ba a tambayar mutum inda aka yanke masa cibiya. Abin dubawa shi ne addininsa, da nasabarsa, da sarkin da ya yi wa mubaya'a. Malami ko falke yakan taso daga Damagaram ya zauna a Kazaure ko Roni, ya yi aure, 'ya'yansa su tashi 'yan gari.

Yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1898 da 1904 da 1906 ne suka shata iyakar da ta raba Babura da ƙasar Magarya, aka kafa alamominta tsakanin 1906 da 1908. Bayan samun mulkin kai a 1960, sai dangi ɗaya suka wayi gari a ƙarƙashin dokoki biyu.

Dokokin duniya a wannan babi sun kasu gida biyu. Wasu sun rataya haƙƙin ga wurin haihuwa, kamar Amurka, wadda gyara na 14 na tsarin mulkinta, a 1868, ya mai da wanda aka haifa a cikinta ɗan ƙasa. Ingila ma haka take har zuwa farkon 1983. Wasu kuwa sun rataya shi ga nasaba, kamar Saudiyya, inda ɗa ke bin uba; shi ya sa ake samun jikokin alhazan Hausa da aka haifa a Makka ba su da shaidar ƙasar.

Nijeriya ta ɗanɗana hanyoyin biyu. Tsarin mulkin 1960 ya karɓi haihuwa a cikin ƙasa, amma na 1979 ya dogara ga nasaba, kuma a kanta sashe na 25 na tsarin mulkin 1999 ya tsaya: wanda aka haifa a Nijeriya bayan mulkin kai yana zama ɗan ƙasa ne idan ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan ƙasa ne. Hatsarin wannan ma'auni ya bayyana a 1980, lokacin da aka kori Alhaji Shugaba Darman, jagoran masu rinjaye a majalisar Borno, zuwa Chadi bisa da'awar cewa mahaifinsa baƙo ne, har kotu ta mayar masa da haƙƙinsa.

Nijar kuwa ta haɗa biyun, irin na Faransa. Dokarta ta 1984 ta karɓi nasaba, ta kuma karɓi wanda aka haifa a ƙasar idan a can aka haifi mahaifinsa. A 1999 aka ba uwa ikon gadar wa ɗanta zama ɗan ƙasa. Saboda haka, yaron da aka haifa a Babura ga iyaye baƙi baƙo ne, ko da nan ne mahaifar ubansa, alhali takwaransa na Magarya ɗan ƙasa ne.

Babban giɓin yana ga tsintaccen jariri. Dokar Nijar ta ɗauke shi ɗan ƙasa, amma tsarin mulkin Nijeriya bai ambace shi ba. Fuƙaha'un Malikiyya sun daɗe da warware mas'alar a babin laƙiɗi: ɗaukarsa farilla ce ta kifaya, shi ɗa ne ba bawa ba, ana yi masa hukuncin Musulunci idan a garin Musulmi aka tsince shi, kuma ciyar da shi yana kan baitulmali idan akwai. Ke nan fiƙihu, duk da tsananin kiyaye nasaba, ya koma ga wuri a inda nasaba ta ɓace, don kada yaro ya rasa majingina.

Wannan ƙa'ida ce ta cancanci malamai su gabatar da ita duk lokacin da aka buɗe ƙofar gyaran tsarin mulki. Kafin nan, wajibin limaman garuruwan iyaka ne su riƙa tunatar da iyaye rajistar haihuwa tun ranar suna, domin nasabar da ba a rubuta ba tana da wuyar tabbatarwa a gaban hukuma.