Kaɗa Taken Algaitar Jaka da Mandolin

Kaɗa taken algaitar jaka da mandolin wani salon kiɗa ne da ya yaɗu a Sukotlan da Ailan, inda makaɗi ke ɗauko taken da aka tsara don busa, ya kaɗa shi da tsirkiya. Mandolin asalinsa daga Italiya yake. Tsirkiyoyinsa takwas ne, an jera su bibbiyu, kuma ana ɗaure su a muryoyin G, D, A da E, daidai da gogen Turawa.

Babbar algaitar jaka ta tsaunukan Sukotlan muryoyi tara kacal take da su, tare da bututu uku masu fitar da amo guda ba yankewa. Saboda haka takenta kan zauna daram a hannun mai mandolin. Wahalar ita ce sautin busa ba ya tsayawa, na tsirkiya kuwa da an taɓa sai ya mutu. Don cike wannan giɓi, makaɗi kan bar tsirkiyar A ko D tana amo ba tare da ya danne ta ba, a madadin bututun. Inda mabushi ke yi wa take ado da gajerun muryoyi, mai mandolin sai ya yi kaɗi uku a jere cikin hanzari.

A Ailan, ƙungiyar Planxty da aka kafa a 1972 ta haɗa mandolin na Andy Irvine da algaitar Liam O'Flynn, wadda ake hura wa iska da zugazugi a maimakon baki.