Asirin farin dango: yadda bincike ya mayar da yaƙi daga gona zuwa hamada

Duk manomin da ya taɓa ganin farin dango sun sauka a gonar hatsi ya san ba a korar su da ihu. Kakanninmu sun yi iya ƙoƙarinsu: su haƙa rami su binne ƴaƴan fari, su kaɗa ganga, su tayar da hayaƙi, su yi addu'a. Abin da ya gagare su sani shi ne inda farin ke fitowa, da dalilin da ya sa sukan ɓace shekaru kamar ƙasa ta haɗiye su, sa'an nan su dawo kamar hadarin gabas. Masana sun yi kusan shekara ɗari suna warware wannan tambaya, kuma ya kamata malamai da iyaye su san tarihin, don wani sashensa a ƙasarmu aka yi shi.

Labarin ya faro ne daga Rasha. Kafin yaƙin duniya na farko, wani saurayi masanin ƙwari mai suna Boris Uvarov yana aiki a arewacin yankin Kaukasus, inda fari ke addabar manoma. A lokacin, littattafai sun raba farin yankin gida biyu: akwai mai zama ita kaɗai cikin ciyawa ba ta cutar da kowa, akwai kuma mai tafiya cikin dango tana cinye gonaki. Launinsu daban, ƙirar jikinsu daban, kowace da sunanta. Uvarov ya lura cewa ƴaƴan masu dango sukan tashi da kamannin mai kaɗaici. Bayan ya koma Landan, a 1921 ya wallafa abin da ya gano: ba iri biyu ba ne, fara ɗaya ce mai hali biyu, cunkoso ne ke sauya ta. Daga baya aka tabbatar haka abin yake ga farar hamada, wadda ta fi damun mu a Sahel.

Wannan magana ta juya tunanin kowa. Idan dango daga fari marasa lahani yake haɗuwa, ashe akwai wuraren da yake haɗuwa, kuma in an san su ana iya kashe wutar tun tana ƙarama. Ba a daɗe ba aka samu damar gwadawa. Daga 1928 zuwa 1941 wata annobar fari ta mamaye mafi yawan ƙasashen Afirka kudu da Sahara. A yammacin Nijar, fari da ƙarancin ruwa sun haɗu da nauyin haraji da aikin tilas na mulkin mallaka, aka yi yunwar 1931 wadda ta kashe dubban mutane a ƙasar Zabarmawa. Masana suka yi ta tattara rahotanni, suna sa alama a taswira wata bayan wata, har suka bi sawun dangon zuwa mafarinsa: fadamun da kogin Kwara ke malalewa a tsakiyar Mali. A 1945 aka kafa cibiyar binciken yaƙi da fari a Landan, Uvarov na shugabantarta. Bayan samun ƴancin kai, ƙasashenmu suka haɗu a ƙungiyar OCLALAV mai mazauni a Dakar, don yaƙi da fari da tsuntsaye masu cin hatsi.

Farar hamada ta fi wuyar sha'ani, don ba ta da gida guda. Tana bin ruwan sama ne. A wajenmu takan hayayyafa da damana a Tamasna da kewayen duwatsun Abzin, da arewacin Mali da Muritaniya. In ruwa ya sauka sosai, tsiro ya fito, macen takan zuba ƙwai cikin yashi mai laima, su ƙyanƙyashe cikin kamar mako biyu. In yanayi ya yi musu daɗi, yawansu kan ninka sau 20 a wata uku, sau 400 a wata shida. Sai ciyawa ta fara bushewa, su taru kan ƴan guraben da suka rage kore, jiki na gogar jiki. A nan halin ke juyawa. Ƴaƴan da suke kore su koma baƙi da rawaya, waɗanda ke gudun juna su fara neman juna, mai tashi da dare ta koma tashi da rana. Dango mai faɗin kilomita ɗaya tsawo da faɗi yakan ƙunshi fari miliyan 40 ko fiye, ya ci abincin mutum 35,000 a yini, ya yi tafiyar da ta kai kilomita 150.

Amma ilimi kaɗai ba ya tsare gona. Da fari suka yi shiru tun daga shekarun 1960, kuɗin sa ido ya ragu, motoci suka lalace, ƙwararru suka watse. Daga 1986 zuwa 1989 annoba ta dawo da ƙarfi, har a Oktoban 1988 wasu dangogi suka ƙetare tekun Atilantika suka sauka a tsibiran Karibiyan. An fesa guba mai yawan gaske, aka fara kokawa kan illarta ga tsuntsaye, ƙudan zuma, dabbobi da mutane. Wannan ya haifar da shirin bincike na LUBILOSA a 1989, wanda ya nemi maganin da zai kashe fara ya bar sauran halittu. Suka same shi a jikin wata funfuna mai suna Metarhizium, wadda ke tsirowa cikin jikin fara har ta kashe ta. Manyan gwaje-gwajenta kan farin gona an yi su ne a Nijar, a yankin Maine Sorowa, kuma daga nan maganin Green Muscle ya fito. Aikinsa na da jinkiri, yakan ɗauki mako ɗaya zuwa uku, shi ya sa ya fi dacewa da rigakafi.

Saura tambaya guda: me ke faruwa a jikin fara lokacin da take sauyawa? A 2001, Stephen Simpson da abokan aikinsa a jami'ar Oksfod suka ɗauki ɗan burushin fenti suna shafa sassan jikin fara mai kaɗaici ɗaya bayan ɗaya. Shafar cinyar ƙafar baya ce ta fi sa ta neman taro, cikin ƴan awowi. A 2009, masanan Oksfod da Kambirij suka nuna cewa wannan gogayya tana ninka sinadarin sirotonin kusan sau uku a jijiyoyin fara, kuma in an toshe shi ba ta sauyawa. Abin da Uvarov ya gani da ido, sai bayan shekara 88 aka san mabuɗinsa.

Duk da wannan sani, 2004 ta same mu ba shiri. Tun Oktoban 2003 aka ga fari na taruwa a Muritaniya, Mali da Nijar. A Fabrairun 2004 hukumar FAO ta nemi dala miliyan 9, taimakon bai zo kan kari ba. Da damana dangogi suka gangaro daga arewacin Afirka. Kafin a shawo kan lamarin an fesa kusan hekta miliyan 13, an kashe ɗaruruwan miliyoyin dala. Ba fari kaɗai suka jawo matsalar abinci ta 2005 ba, ɗaukewar ruwa da tsadar hatsi sun taka rawa babba, amma iyaye a Maraɗi, Damagaram da Tawa ba su manta da yaran da aka kwantar saboda tamowa ba. Bayan haka ne Nijar ta kafa cibiyarta ta ƙasa ta yaƙi da fari, cibiyar AGRHYMET ta Yamai kuma na horar da ma'aikata da bin yanayin damana.

Yau tsaron rumbunmu ya rataya ne kan mutanen da ke shiga hamada suna duba tsiro, suna ƙirga fari tun suna ɗai-ɗai. Rashin tsaro a arewa ya sa wasu wuraren ba sa shiguwa, don haka labarin makiyayi da direba ya ƙara daraja. Waɗanda za su gaji wannan aiki suna zaune a azuzuwanmu. Malamin SVT ba ya buƙatar ɗakin gwaji mai tsada kafin ya sa ɗalibai su kama fara, su zana ta, su ƙirga ƙafafunta, su rubuta abin da take ci. Malamin lissafi na da aiki a shirye: in 20 ta zama 400 a wata shida, nawa za ta zama a wata tara? Iyaye kuma su sani, farar da aka tsinto a wurin da aka yi feshi ba ta shiga kaskon suya. In kuwa yaro ya tsuguna yana kallon ƙwaro, kada a yi saurin ce masa ya tashi ya bar wasan banza. Da irin wannan kallon aka gano inda dango ke fitowa.