Dinari: Daga Azurfar Rum Zuwa Sadakin Kano

Dinari suna ne na tsabar kuɗi da ya samo asali daga birnin Rum, inda ake kiransa denariyus. A cikin birnin Kano an fi jin kalmar a wurin ɗaurin aure da lissafin zakka, shi ya sa da yawa ke ɗauka asalinta na Larabawa ne, kuma da zinariya aka fara ƙera shi. Alhali da azurfa ya fara.

Rumawa sun soma buga shi wajen shekara ta 211 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), suna tsakiyar yaƙi da Hanibal na Kartaj, a Tunisiya ta yau. Nauyinsa kimanin giram 4.5 ne. A fuska ɗaya akwai kan Roma, gunkiyar birnin, sanye da kwalkwali, ga alamar X a gefe, wato darajarsa tsabar tagulla goma. A bayansa kuwa tagwayen gumaka ne, Kasto da Polukis, a kan dawakai suna sukuwa da mashi a hannu, kowanne da tauraro bisa kansa. Maƙerar kuɗin ma a jikin ɗakin bautar gunkiya Juno take. Daga baya aka riƙa zana gunki Jufita a keken doki huɗu. A shekara ta 44 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) Juliyas Kaisar ya sa hoton kansa tun yana raye, ya ajiye gunkiya Binus a baya, domin yana da'awar daga tsatsonta ya fito. Sarakunan bayansa suka yi ta rage azurfar, har a ƙarni na 3 miladiyya aka daina buga shi.

Sunan dai bai mutu ba, ya koma kan zinariyar Rumawan gabas, wadda Larabawa ke ciniki da ita ɗauke da hoton sarki da gicciye. Halifa Abdulmalik bn Marwan ne ya kawar da hotunan a shekara ta 77 bayan Hijira, ya buga dinari mai giram 4.25 wanda babu komai a kansa sai rubutu. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne: da shi kuɗi ya bar fuskar gunki da ta sarki ya ɗauki kalmar tauhidi.

Ta littattafan fiƙihun Malikiyya kalmar ta zauna a Kano. Rubu'in dinari shi ne mafi ƙarancin sadaki, dinari 20 kuma nisabin zakkar zinariya, ko da yake a da wuri ne kuɗin ciniki a Kasuwar Kurmi.

Denariyus ya sake shigowa ta hannun Turawan mulki. Harafin d da 'yan kasuwa ke rubutawa gaban kwabo a littafin bashi, daga sunansa aka ɗauko shi, kuma an yi ta amfani da shi har ranar 1 ga Janairu 1973, lokacin da naira ta maye gurbin fam.