Eriyar Faci: Dabarar da Ta Yi Shekara Ashirin Tana Jiran Allo

Duk wanda ya taɓa buɗe na'urar tiraka irin wadda ake ɓoyewa a mota ko Keke Napep, ya ga wani ɗan dutse mai kusurwa huɗu da ƙarfe a samansa. Wannan eriya ce ta GPS, kuma Turawa suna kiran irinta da sunan faci, kamar dai facin taya, saboda lafe take a jikin allo.

Ginin nata hawa uku ne kawai: fallen tagulla a sama, allon da wuta ba ta ratsa shi a tsakiya, sai wani fallen tagulla a ƙasa. Sigina kuma daga gefunan fallen sama take fita.

Wani injiniya ɗan asalin Faransa mai suna Georges Deschamps ne ya kawo dabarar a 1953, a taron masana eriya na sojojin saman Amurka. A 1955 Gutton da Baissinot suka yi wa makamanciyarta rajista a Faransa. Daga nan shiru, kusan shekara ashirin.

Me ya tsayar da ita? Allon. Na wancan zamanin yana shanye sigina ya mayar da ita zafi, ga shi fasahar zana tagulla daidai da awo ba ta nuna ba. Sai a farkon shekarun 1970 aka samu alluna masu kyau, kuma buƙata ta taso: roka da makami mai linzami ba sa son eriya mai tsini a jiki, iska za ta karya ta. Robert Munson na kamfanin Ball a Amurka ya ƙera wadda ake naɗawa a jikin roka kamar ɗamara, ya wallafa aikinsa a 1974. John Howell na NASA shi ma ya yi nasa a wannan tsakani.

A ganina nan ne daɗin labarin yake, domin allon da ya tsayar da ita shi ne ke yanke girmanta har yau. Tsawon facin kusan rabin zangon igiyar sigina ne, amma zangon yadda yake a cikin allo, ba a iska ba. Mu ɗauki Wi-Fi na 2.4 GHz. Zangonsa a iska santimita 12.5 ne, rabinsa 6.25. A kan allon FR4, irin koren nan da muka saba gani a cikin caja da rediyo, sigina tana rage gudu, sai zangon ya ragu da fiye da rabi. Shi ya sa facin yake fitowa wajen milimita 29 a tsawo, 38 a faɗi. GPS kuwa zangonsa santimita 19 ne, amma da yake a kan tangaran ake ɗora facin, sai duka eriyar ta dawo milimita 25. Ka kankare milimita ɗaya daga tsawon, ta bar tashar da aka auna mata.

Rauninta ke nan: tasha ɗaya siririya take kamawa da kyau. Waya kuma tana son layuka da yawa, shi ya sa aka koma ga 'yar uwarta PIFA, wadda aka haɗe gefe ɗaya da ƙasan allo har tsawonta ya ragu da rabi. Irin wannan dabara ce ta sa Nokia 3210 ta 1999 ta fito babu ɗan sandan nan a ka.

Yanzu facin ya dawo da ƙarfinsa. A manyan firikwensi na 5G zango ƙanƙane ne, faci ɗaya bai kai ƙwayar wake ba, sai a jera su da yawa. Faifan Starlink, wanda ya shigo Najeriya a Janairun 2023, ƙananan eriyoyi sama da dubu ne a cikinsa, kuma su suke karkata sigina ta bi tauraron ɗan adam yana gudu a sama, faifan yana zaune a kan rufi.