Abin Da Ya Kamata Ɗalibi Ya Sani Kafin Ya Zaɓi Jami'a A Najeriya

Shiga jami'a a Najeriya na bi ne ta hannun Hukumar Shirya Jarrabawar Shiga Manyan Makarantu, wato JAMB, wadda aka kafa a shekarar 1978. Jarrabawarta ta UTME darussa huɗu ce, Turanci dole ne a cikinsu, kuma jimillar makinta 400. Tun a wurin rajista ɗalibi ke rubuta makarantar da yake buri da kwas ɗin da zai karanta, kuma a nan ne da yawa ke rasa gurbi tun kafin su zauna jarrabawar.

Dalili shi ne, galibin manyan jami'o'in tarayya ba sa duba wanda bai sanya su a zaɓin farko ba. Irin su Jami'ar Ibadan, da ta Legas, da ta Ilorin, da Ahmadu Bello ta Zariya, da Bayero ta Kano, masu nemansu sun ninka guraben da suke da su. Mafi ƙarancin makin da ake sanarwa duk shekara izinin neman gurbi ne kawai. Kowane sashe na da nasa ma'auni, kuma na likitanci da shari'a da haɗa magunguna kan yi nisa ƙwarai.

Akwai kuma tsarin rabon gurabe a jami'o'in tarayya: kashi 45 cikin 100 na cancanta ne zalla, kashi 35 na jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 kuma na jihohin da aka ayyana suna baya a ilimin boko. Yawancin waɗannan a Arewa suke, amma har da Ebonyi da Bayelsa. Saboda haka ɗalibai biyu masu maki ɗaya na iya samun sakamako daban a jami'a guda, abin da iyaye da dama ba su cika lura da shi ba.

Sunan makaranta bai wadatar ba. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, kwas-kwas take tantancewa, don haka jami'a mai suna na iya samun sashen da bai cika sharaɗi ba. A fannin likitanci ma, Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ke ƙayyade adadin ɗaliban da kowace makaranta za ta ɗauka.

Tun 2017 ta manhajar CAPS ake bayar da gurbi, kuma sai ɗalibi ya shiga ya amince da kansa. Gurbin da aka samu ta bayan fage kan jawo matsala lokacin tafiya hidimar ƙasa. Wanda makinsa bai kai ba yana iya biyan kuɗi ya sauya makaranta ko kwas, ko ya bi ta shirin IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da shi, ya shiga aji biyu kai tsaye. Ta kowace hanya dai ana buƙatar kiredit biyar a WAEC ko NECO, galibi har da Turanci da Lissafi.