Kaboyi a Idon Masu Karatu

A bakin dattawanmu, idan aka kira saurayi kaboyi ba yabonsa aka yi ba. Ana nufin gagararre ne, mai karkata hula, wanda magana ɗaya biyu sai ya kai hannu. Alhali kuwa kalmar, a harshen da muka aro ta, ba ta wuce yaron shanu ba, wato makiyayi. Yadda aka yi makiyayi ya rikiɗe ya zama ɗan bindiga, har sunansa ya iso gare mu da wannan ma'ana, tarihi ne na adabi, kuma abin da muke so mu nuna a wannan maƙala shi ne masu karatu sun fi marubuta hannu a cikinsa. Idan muna nazarin ƙagaggun labarai a aji, mukan tsaya a kan marubuci da jigonsa da salonsa, mu manta da mutumin da ya ciro kuɗi daga aljihunsa ya sayi littafin. A labaran kaboyi kuwa, wuƙa da nama a hannun wannan mutumin suke.

Bari mu fara da makiyayin kansa. Da aka gama yaƙin basasar Amurka a 1865, shanu sun yi yawa a jihar Teksas har sun rasa daraja, ga kuma biranen gabas suna neman nama ido rufe. A 1867 wani ɗan kasuwa mai suna Joseph McCoy ya buɗe kara a garin Abilene na jihar Kansas, inda layin dogo ya iso. Daga nan aka shiga koro garke-garke daga kudu, shanu 2,000 zuwa 3,000 a hannun mutum goma sha wani abu, tafiyar wata biyu ko uku, a hankali don kada dabbobin su rame. Ladan mutum a wata bai cika wuce dala 30 zuwa 40 ba. Yawancinsu samari ne matalauta. A wajen makiyayan Meziko aka koyi sana'ar, kuma masana tarihi sun ƙiyasta cewa baƙar fata, waɗanda ba su daɗe da fita ƙangin bauta ba, za su iya kaiwa ɗaya cikin huɗu na masu koron. Abin da ya fi kashe su shi ne ƙetare kogi da faɗuwa daga doki da firgitar garke cikin dare. Hasali ma, garuruwan kara irin su Abilene da Dodge City sun hana yawo da bindiga a cikin gari. Duka-duka wannan zamani shekara ashirin ya yi: wayar shinge mai ƙaya da aka yi wa rajista a 1874 ta tsare burtali, jirgin ƙasa ya shiga Teksas, sannan mugun sanyin 1886 zuwa 1887 ya gama da abin da ya rage. Duk wanda ya ji labarin yadda ake koro shanu a ƙasa daga Arewa zuwa karar Badun da Ikko kafin zuwan tirela, ya riga ya san kaboyin gaskiya. Gajiyayye ne mai kaushin ƙafa, kuma shanun ba nasa ba ne.

To, wannan ba shi masu karatu suka nema ba. Tun a 1860 kamfanin Beadle na birnin New York ya fara buga ƙananan littattafai masu arha, santi 10 kowane. Na farkonsu, Malaeska, mace ce ta rubuta shi, Ann Stephens, kuma labarin baƙin cikin wata 'yar asalin ƙasar ne da ta auri Bature. Ya yi kasuwa ƙwarai. Amma a shekarar nan kuma aka fitar da Seth Jones na Edward Ellis, wani malamin makaranta ɗan shekara 20, labarin maharbin da ke ƙwato farar yarinya daga hannun Indiyawa, sai cinikinsa ya ninka na farkon. Kamfanin ya gane inda kasuwa ta dosa. Sojoji suka karanta irinsu a sansani, leburori a masana'antu, yara kuma a ɓoye. A 1869 Ned Buntline ya ɗauki wani maharbin ɓauna mai rai da lafiya, William Cody, ya mai da shi tauraron labari da sunan Buffalo Bill. Shi kuwa Cody, da ya ga abin da jama'a ke so, sai ya shiga kwaikwayon hoton da aka zana masa, ya kafa wasansa na dawaki da harbi a 1883, har ya kai shi Landan a 1887, Sarauniya Biktoriya ta kalla. Kaboyi bai zama cikakken tauraron irin waɗannan littattafai ba sai a 1887, da Prentiss Ingraham ya rubuta labarin Buck Taylor, wato daidai lokacin da sana'ar ke shure-shuren mutuwa.

Ba kowa ya yi na'am ba. Malaman coci da na makaranta sun ce littattafan guba ne. Anthony Comstock, wanda ya yi suna wajen yaƙi da abin da ya kira lalata tarbiyya, ya lissafa su cikin tarkunan da Shaiɗan ke ɗana wa yara, a littafinsa na 1883. Duk yaron da aka kama da laifi, sai jaridu su tambayi abin da yake karantawa. Wanda ya shaida cacar-bakin da aka yi a kan Adabin Kasuwar Kano a shekarun 1990 ba zai ji wannan baƙo ba: masana na tsinuwa, masu saye na ƙaruwa.

Abin da ya fi nuna ikon mai karatu shi ne makomar wasu littattafai biyu da suka fito a jere. A 1902 Owen Wister ya fitar da The Virginian. Wister ɗan manyan gida ne daga Philadelphia, ya yi karatu a Harvard, ya je yamma ne neman lafiya. Tauraronsa dogo ne mai kunya, mai ƙarancin magana, mai ladabi ga mata, wanda ya tsaya aka rataye amininsa saboda satar shanu, a ƙarshe kuma ya fuskanci abokin gabarsa a tsakiyar gari ya harbe shi. Manazarta sun daɗe da lura cewa labarin makiyaya ne wanda da ƙyar ake ganin aikin kiwo a cikinsa. Shi ne ƙagaggen labarin da ya fi kowane ciniki a Amurka a wannan shekara. A 1903 Andy Adams, wanda ya yi shekaru yana koron shanu da kansa, ya ji haushin ƙaryar da ake sheƙawa a kan sana'arsa, ya rubuta The Log of a Cowboy. Babu soyayya a ciki, babu mugu guda da za a kashe a shafin ƙarshe, sai ƙishirwa da ƙura da ƙidayar shanu daga Teksas zuwa Montana. Tsofaffin makiyaya da masana tarihi suka yaba, jama'a suka bi Wister. Kuma ba ƙaramin abu suka haɗiye tare da daɗin labarin ba. A 1892, a gundumar Johnson ta Wyoming, manyan masu garke sun yi hayar 'yan bindiga daga Teksas don su kawar da ƙananan makiyaya da suke zargi da sata. Wister abokin manyan ne, kuma littafinsa ya wanke rataya ba shari'a tas. Wani abin mamaki, fitaccen mai karatun da ya sa aka gyara littafin, wato Shugaba Theodore Roosevelt, abokin marubucin, abin da ya dame shi shi ne wurin da aka ƙwaƙule wa doki ido. An sassauta wannan, ratayar mutane ta zauna daram.

Zane Grey, likitan haƙori daga Ohio, shi ya gaji kasuwar bayan fitowar Riders of the Purple Sage a 1912. Masu sharhin adabi sun raina salonsa har ya mutu, amma kusan kowace shekara tsakanin 1917 da 1926 sunansa na cikin goman farko a ciniki. Mata da yawa na cikin masu karatunsa, don a mujallunsu ake fara buga wasu labaransa kashi-kashi. A nan ne ya ɗanɗana kuɗarsa. A 1922 mujallar Ladies' Home Journal ta fara buga The Vanishing American, labarin wani saurayin ƙabilar Nabaho da wata Baturiya ke so, inda Grey ya fallasa zaluncin jami'an gwamnati da na wasu 'yan mishan. Ƙungiyoyin addini suka yi ca. Da littafin ya fito a 1925 an rage masa kaifi, saurayin kuma ya mutu a ƙarshe, aure bai yiwu ba. Sai a 1982, shekara 43 bayan rasuwar marubucin, aka buga shi yadda ya so, masoyan suka auri juna. Ga marubucin da ya fi kowa kasuwa a zamaninsa, amma bai isa ya ɗaura auren da masu karatunsa ba su yarda da shi ba.

Daga nan labaran suka ƙetare teku. A Jamus, Karl May ya fitar da Winnetou a 1893 ba tare da ya taɓa taka Amurka ba, kuma Einstein da Hitila duk sun so littattafansa, kowa da abin da ya tsinta. A yaƙin duniya na biyu an raba wa sojojin Amurka ƙananan littattafai sama da miliyan 120, na kaboyi na cikin waɗanda aka fi rububi, Janar Eisenhower kansa su yake karantawa kafin ya kwanta. Louis L'Amour, wanda Shugaba Reagan ya ba lambar girma a 1984, yakan yi tinƙaho da cewa duk rijiya ko dutsen da ya ambata suna nan a inda ya ce. Masu karatunsa sun riƙe wannan a matsayin hujjar gaskiyarsa, sai ka ce daidaiton taswira shi ne daidaiton tarihi. Da yawa daga cikin waɗanda suka iso teburan gwanjon littattafai a garuruwanmu ma Ingilishi ne suka rubuta su, irin su J. T. Edson da Oliver Strange mai labaran Sudden, suna zaune a Ingila suna ƙaga Teksas.

Mu dai ta majigi muka fara saninsa. Tun da aka buɗe silimar Rex a Kano a 1937 iyayenmu ke kallon kaboyi, mu kuma muka tarar da shi a talabijin, 'yan sakandare daga cikinmu suka bi shi cikin littafi. Mun san ekta ba ya mutuwa, mun san bos sai a ƙarshe. Abin da ba mu cika son tunawa ba shi ne wa muke yi wa tafi. Idan mutanen da muka laƙaba wa suna Indiyawan daji suka ɓullo bisa dawaki suna kare ƙasarsu, addu'armu sojan Bature ya iso da wuri. Jikokin waɗanda aka buɗe wa wuta a Sakkwato da Burmi a 1903, da Satiru a 1906, su ne ke murnar jin ƙahon dakarun mamaya. A muhawarar da aka yi a Jami'ar Cambridge a 1965, marubucin nan baƙar fata James Baldwin ya bayyana irin girgizar da ya yi ranar da ya gane cewa Indiyawan da yake murna Gary Cooper na kashewa, shi ne.

Sai dai kada mu yi saurin cewa mai karatu wawa ne da aka yaudara. A 1992 JoEllen Shively ta wallafa wani bincike inda ta nuna wa maza 20 'yan asalin ƙasar da Turawa 20 fim ɗin The Searchers, wanda aka ɗauko daga littafin Alan Le May. Dukkan ɓangarorin biyu sun so shi, kuma 'yan asalin ƙasar ba su ɗauki kansu a matsayin Indiyawan cikin fim ba, John Wayne suka bi. Da aka tambaye su dalili, sai suka ambaci 'yanci da faɗin ƙasa da rayuwar da ba ta da ubangida, wato abin da aka ƙwace musu. Ɗaliban jami'a daga cikin 'yan ƙabilun ne suka ƙi fim ɗin. A ganinmu duka biyun karatu ne na gaskiya, kuma yaron Fagge da ya karkata hula bayan an tashi daga silima ba Bature yake so ya zama ba, so yake a ce yau ga talaka bisa doki babu mai ce masa sauka.

Marubuta sun yi ta ƙoƙarin warware igiyar. The Ox-Bow Incident na 1940 ya nuna taron jama'a sun rataye marasa laifi. Littafin tarihi na Dee Brown a 1970 ya ba da labarin daga bakin waɗanda aka ci da yaƙi, har zuwa kisan Wounded Knee na 1890. James Welch, ɗan ƙabilar Blackfeet, ya rubuta Fools Crow a 1986. Larry McMurtry, wanda ya tashi a gidan makiyaya a Teksas, ya rubuta Lonesome Dove a 1985 da niyyar nuna wahala da rashin ma'anar wannan rayuwa. Ya sami kyautar Pulitzer, amma ya yi ta ƙorafi daga baya cewa masu karatu sun mai da littafin waƙar yabon abin da ya zo rushewa.

A maƙwabtanmu an ba da amsa tun da wuri, kuma da raha. A Kinshasa ta shekarun 1950 samarin unguwanni sun kira kansu Bil, daga sunan Buffalo Bill, har da tasu hausar ta daban. A Nijar kuwa, Moustapha Alassane ya shirya fim a 1966 mai suna Le Retour d'un aventurier. Wani saurayi ne ya dawo daga Amurka da akwati cike da huluna da takalma da bindigogi, ya raba wa abokansa tsaraba. Kowa ya zaɓi sunan Bature, suka hau dawaki suka addabi ƙauyensu, dattawa na zaune a inuwa suna shawarar yadda za a yi da 'ya'yan nasu.