Koken ƙananan sojoji da boren bariki a Nijar, 1992-2002

A cikin wannan ƴar maƙala muna son mu dubi boren sojojin Nijar ta fuskar da masu tarihin siyasa ba su cika kula da ita ba, wato fuskar soja a matsayinsa na ma'aikaci. Malamin makaranta in an riƙe masa albashi yana da sandika, yana da yajin aiki. Soja doka ta hana masa duka biyun. Kokensa, ko na kuɗi ne, ko na abinci, ko na hutun da zai kai shi ganin iyali daga Dirku ko Ngigmi, hanya guda gare shi: ya bi ta hannun na gaba da shi, wanda sau da yawa shi ne ake ƙara.

Bari mu fara da ƙarshen watan Fabrairu na 1992. Taron ƙasa ya watse tun Nuwamba 1991, Amadu Shefu yana faraminista, baitulmali kuwa babu kome. Ƙananan sojoji a Yamai suka kame gidan rediyo, suka tsare André Salifou, shugaban majalisar ƙoli ta riƙon ƙwarya, tare da ministan cikin gida Mohamed Musa. Buƙatarsu ta farko ita ce bashin albashi. Amma akwai ta biyu, wadda a ganinmu ta fi nauyi: a saki kyaftin Maliki Burema, wanda ke tsare saboda kisan da aka yi a yankin Cintabaradan a watan Mayu na 1990.

Nan ne batun ya wuce na kuɗi. Ga waɗanda aka kashe wa dangi, tsare kyaftin ɗin shi ne mafarin adalci, kuma ba mu ga abin da zai rage girman wannan haƙƙi ba. Ga mutanen bariki kuwa, tambayar dabam ce: in gwamnati ta tura soja aiki, daga baya wata gwamnatin ta gurfanar da shi, wa zai tsaya masa, wa zai biya lauya? Sun karanta lamarin a matsayin alamar cewa manya za su zame, a bar na ƙasa da shari'a. Ko sun yi daidai ko sun yi kuskure, tsoron ya kama su, kuma babu inda za su kai shi sai bakin bindiga. Ƙungiyar ƙwadago ta USTN ta kira yajin aikin gama-gari don kare mulkin riƙon ƙwarya, boren ya lafa cikin ƴan kwanaki. (Abin lura, ma'aikatan da suka fito zanga-zangar su ma suna bin gwamnati bashin albashi.)

Abin da ya biyo baya maimaici ne. A Yulin 1993 aka tashi a Damagaram, abin ya bazu zuwa Tawa, Agadas da Maraɗi. A Fabrairun 1998, zamanin janar Ba'are, wanda shi kansa soja ne, sai Difa, Agadas da Damagaram. Salon bai cika canzawa ba: a tsare wakilin gwamnati na jaha, a jira ƴan sulhu daga Yamai, a sami wani abu daga cikin bashin, a koma bariki. Gwamnatoci da kansu suka koya wa soja cewa takardar koke ba ta motsa kowa, garkuwa da mutum ita ke motsawa.

Boren Difa na ƙarshen Yuli da farkon Agustan 2002 ne ya karya wannan al'ada. Gwamnatin Tanja Mamadu ta tura dakaru, aka murƙushe shi, aka kama sojoji fiye da 200. A 2003 aka kafa dokar shari'ar soja tare da kotunta. Dokar ta tsara yadda za a hukunta sojan da ya yi bore, amma yawancin waɗanda aka kama a 2002 sun daɗe a tsare kafin su ga alƙali.